Wanzamin Daura a Hannun Likitan Masar

Abin da na fara lura da shi a birnin Alƙahira kawunan mutane ne. Ni wanzami ne ɗan wanzami, shekara talatin da ɗoriya ina bin kawunan mutanen Daura da aska, don haka tun a filin jirgi nake duban ƙeyar jama'a ina yanke hukunci. Gashi gare su mai laushi, amma askin gaggawa ake yi masa. Na faɗa wa 'yata haka, ta ce, "Baba, don Allah ka riƙe fasfonka da kyau, ka ƙyale kan mutane."

Sunan mahaifiyata aka sa mata, bakina ba ya iya kama shi, don haka Uwani nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Sandamu. Ita ce mai Turancin tafiyar, ita ce kuma ta ɗauki hutu, ta bar 'ya'yanta biyu wajen kakarsu, ta rako ni.

Ciwon da ya kai ni can ba ya zafi, shi ya sa mutane suka daɗe suna yi mini dariya. Fatar idona na hagu ce ta fara rawa. Aka ce baƙo zan yi. Shekara shida baƙon bai iso ba, sai rawar ce ta sauko kumatu, ta kama gefen baki, har ya zamana in abin ya motsa idon rufewa yake ruf, baki ya karkace sama, kamar ana jan rabin fuskata da zare. Gajiya tana tayar da shi, faɗuwar gaba ta fi tayar da shi. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na kafa wa kaina ƙaho a ƙeya. A Kano wani likita ya yi mini allurai a fuska, ta lafa wata uku, ta dawo da ƙarfinta.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da abin ya kai maƙura, askin suna na je yi a wani gida da muka gaji yi wa aski tun daga kakana. Aska tana kan jariri idon ya rufe. Ɗan ƙwarzane ne, bai kai ƙwayar gero ba, amma jini ya fito. Kakar yaron ba ta zage ni ba. Hannu kawai ta miƙo ta karɓi jikanta, ta ce, "Sannu, Malam Idi, ka huta." Na koma gida na rataye zabirata, jakar da nake zuba kayan aiki, kuma daga ranar ban sake ɗora ƙarfe a kan ɗan kowa ba. Ina da gona, ba yunwa ce ta kore ni daga gida ba. Amma ni ban san wani Idi ba in ba mai riƙe aska ba, kuma shi na tafi nema Masar.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, ana ce masa Ustazu. Wani maƙwabci ya haɗa mu da shi, wai shi ke kai marasa lafiya asibiti yana yi musu tafinta. Gemunsa ya sha mai, ya sha baƙin rini, kuma ban taɓa yarda da mai rina gemu bai kai hamsin ba, amma a baƙon wuri duk mai ce maka "sannu da zuwa" ɗan'uwa ne. Ya kama mana ɗaki biyu a hawa na huɗu a wata unguwa mai cunkoso. Uwani ta nuna masa takardar da likitan Kano ya rubuta mana zuwa wani babban asibiti. Ya duba, ya girgiza kai.

"Ai wannan likitan ya bar aiki, Hajiya. Akwai wanda ya fi shi, ba sai an fasa kai ba. Yau a yi, gobe Baba ya warke."

Ni da nake tsoron wuƙa saboda dalilin da zan faɗa nan gaba, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Muka ba shi abin da ya nema na somin-taɓi. Washegari ya kai mu wani wuri mai ƙamshin turare, da madubai ko'ina, da hotunan mata masu santsin goshi a bango. Ban ga gurgu ko ɗaya ba, ban ga mai nishi ba. Na ce a raina, asibitin da babu mai nishi, to, Allah Ya sa lafiya. Aka kwantar da ni, wata mata ta shigo da ɗan faranti. Uwani ta leƙa, ta ɗauki 'yar kwalbar da ke kai ta karanta.

"Baba, tashi. Allurar Kano ce."

Ustazu ya ce ba ita ba ce, wannan ta Turai ce. Uwani ta ce ko ta sama ce, wata uku take yi, kuma ba mu sayar da shanu mun tsallako ƙasa don wata uku ba. Ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban namiji ba sai ranar. Ya ce bari ya kira direba. Ya fita, har yau direban bai iso ba. Wayarsa ma daga ranar ta daina shiga.

Kwana uku muka yi ba mu san gabas ba. Larabcina na salla ne, nasu kuwa gudu yake kamar an biyo shi. Abinci wake da gurasa, safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. In na leƙa taga sai gine-gine, babu bishiya, babu akuya, babu wanda zai ɗaga kai ya ce, "Wanzam, ina gajiya?" A gida ko ina jin haushin tausayin da ake yi mini, aƙalla an san ni. Nan kuwa yara kawai ke tsayawa su kalli baƙin tsoho mai karkataccen baki. Na yi kewar gida ƙwarai, har na ce wa Uwani mu koma. Ta yi kamar ba ta ji ba.

A ƙasan benenmu akwai shagon aski. Kullum in na sauko sai ƙafata ta tsaya a ƙofar. Mai shagon dattijo ne mai sanƙo, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa, Kirista ne, sunansa Girgis. Rana ta huɗu ina tsaye yana yi wa wani gyaran fuska, na ga yadda yake jan aska a kan fatar wasa aska kafin ya fara, sai na ga ya kwantar da ita da yawa. Ban san lokacin da na yi tsaki ba. Ya juyo. Na nuna masa da hannu yadda ake ɗan ɗaga bayanta. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya miƙo mini askar da fatar. Na wasa ta, na gwada a gashin hannuna, na mayar masa. Ya ja ta sau ɗaya a kumatun mutumin, ya tsaya, ya ce wani abu da ƙarfi, duk shagon aka yi dariya. Ya jawo kujera ya ajiye kusa da madubi, ya aika aka kawo shayi. Bai ko kalli fuskata sau biyu ba.

Shi ne ya fid da mu. Da Uwani ta nuna masa takardar, ya kira wani mai kantin magani da ke jin Turanci, suka buga waya, aka ce likita yana nan daram, bai je ko'ina ba. Girgis ya rubuta adireshin da Larabci, ya tsayar da tasi, ya yi wa direban faɗa tun bai yi laifi ba, sannan ya tura mu ciki.

Likitan gajere ne, furfura ta cinye kansa, an yi masa aski mai kyau. Hannuwansa na duba, ƙanana ne, farce a yanke, ba sa rawa. Aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙara aka ɗauki hoton cikin kaina. Da sakamako ya fito ya ɗauki biro ya yi zane, yana magana Uwani tana juya mini. Ya ce a can ciki, bayan kunnena na hagu, akwai jijiyar da ke motsa fuska. Wata jijiyar jini ta lanƙwaso ta kwanta a kanta, duk bugun zuciya sai ta doke ta, shekara da shekaru, har ta ƙosa ta fara fizga da kanta. Zai huda ƙashi a bayan kunne, faɗin kwabo, ya ɗaga ta jinin, ya sa wani ɗan abu mai laushi kamar auduga a tsakaninsu, ya rufe. Ya ce yawanci ana dacewa, amma bai ɓoye ba, jijiyar ji tana maƙwabtaka da wurin, kunnen zai iya raguwa ko ya tafi.

Na ce a gaya masa ina da wani kunnen, idon nake so.

Ya tambayi sana'ata. Da Uwani ta yi masa bayani, ya miƙe ya sake ba ni hannu, ya ce ashe abokin aiki ne. Aka sa ranar Talata mai zuwa.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya ba ni maganin tauri na sha, kwana bakwai. Da ƙuruciya in aka buga gangi nakan fita fili in goga wuƙa a cikina ta lanƙwashe, mutane na ihu. Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, masu wa'azi suka matsa a kan irin waɗannan abubuwa, na kwashe layu da guraye na ƙone a gaban limamin unguwarmu, na tuba, kuma har zuciyata na tuba. Amma abin da aka rataya ne ake ƙonewa. Wanda aka sha fa? Tun ranar da aka ambaci tiyata nake ganin hoton abin a raina: an sa ni barci, likita ya ɗora wuƙa ta ƙi shiga, ya canza wata ta karye, a tashe ni a ce in koma gida.

Na taɓa gwada Uwani da zancen a kaikaice, ta ce, "Baba, allurar Kano ta shiga ko ba ta shiga ba?" Na ce allura daban, wuƙa daban. Ta ce, "Sau nawa na ɗaure maka yatsa in aska ta yanke ka?" Na ce wannan askar gida ce, ta san ni. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Mahaifina ya gaya mini makarin. Ƙarfe ba ya kama ɗan tauri, amma ɓawon karan dawa yana kama shi. A tsaga wurin da ake so ya buɗe da ɓawon kara, sau uku, a cusa wani garin magani, shi ke nan an buɗe wa ƙarfe ƙofa. Tun daga Daura na naɗo guntun kara da ƙullin garin a cikin zabira, na cusa ta ƙasan akwati. Ranar Asabar da hantsi, Uwani ta tafi karɓo sakamakon gwajin jini, na tsaya gaban madubin banɗaki, na lalubi daidai inda likita ya taɓa da biro, na yi tsaga uku masu kyau, na cusa gari, na jawo hula na rufe. Wallahi har wani sanyi na ji a raina. Gani nake na taimaki likita.

Ranar Litinin wurin ya kumbura, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ban faɗa wa kowa ba. Aka kwantar da ni a asibiti da yamma, ma'aikaciya ta zo aske gefen kan, ta cire hula, ta ja da baya ta fita da sauri. Likita ya zo ya duba, ya danna, ruwa ya fito. Sannan ya ce ba zai buɗe ƙashi ta cikin fata mai ruwa ba, don abin da ke waje zai bi wuƙa ya shiga ƙwaƙwalwa. An fasa aiki. Zai ba da magani, a dawo bayan mako uku. In wurin ya bushe sarai, to. In bai bushe ba, sai dai mu koma gida, don bizarmu ba za ta kai wani jiran ba.

Ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa wa Uwani gaskiya, tun daga kwana bakwai ɗin har zuwa karan. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ni ba zan iya faɗa masa wannan ba. Da wane baki?"

"Faɗa masa yadda na faɗa. Ni na yi, ba ke ba."

Ta faɗa, kanta a ƙasa. Na jira dariya, ba ta zo ba. Likita ya jawo kujera ya zauna, ya ce a tambaye ni, in aka kawo mini kai mai maruru, ina ɗora aska a kai? Na ce a'a, sai ya warke. Ya ce to shi ma haka. Sannan ya ce, yanzu maganin ya karye ko da saura? Na ce ya karye. Ya ce tabbas, babu wani wurin da ya rage a tsaga? Na ce babu. Ya ce madalla, ni na gama nawa shirin, saura nasa, amma daga yau kan nan nasa ne, aro ya ba ni, kada in sake taɓa masa kaya.

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Uwani ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Safe da yamma takan zo da auduga da ruwan magani, ta karkatar da kaina, ta wanke wurin, ta rufe, ta tashi. Hannunta da sauƙi, fuskarta a ɗaure. Na ji ta a waya tana roƙon shugabanta ya ƙara mata hutu, na ji ta tana lallashin ƙaramin ɗanta da ke kuka yana tambayar yaushe za ta dawo. A rana ta uku tana cikin wankin na ce, "Uwani, ki yafe mini." Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "Tsagar dai ta yi kyau, Baba. Duk tsawonsu ɗaya." Muka yi dariya har audugar ta faɗi.

Makonni ukun nan a shagon Girgis na yi su. Ni ke wasa masa asake, shi ke ba ni shayi. Yana yi mini Larabci ina ba shi amsa da Hausa, kuma ban ga abin da muka rasa ba. In lokacin salla ya yi, shi ke nuna mini agogo ya kore ni masallaci. Kullum sai ya ɗaga hulata ya leƙa ciwon, ya nuna mini da yatsu yadda yake raguwa. Ranar da za mu koma asibiti ya rufe shago ya raka mu har bakin titi.

Likita ya duba, ya danna, ya sake dannawa. Ya ce gobe.

Ba na tuna komai na aikin sai fitilu, da wata ma'aikaciya da ta ce in yi bisimilla. Na farka kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhu, ɗakin yana juyawa, ina ta amai. Abin da na fara tambaya shi ne ko wuƙar ta shiga. Uwani ta ce, "Ta shiga, Baba, har ta fito." Na sa hannu na taɓa kumatuna. Shiru. Shekara shida ban ji shirun nan ba. Na bar hannun a wurin har barci ya sake ɗauke ni.

Kwana biyu bayan haka, ina shan shayi, fatar idon ta yi ɗan motsi. Na sa Uwani ta kira likita. Likita ya ce kada in damu, jijiyar da aka daɗe ana duka ba ta yarda an daina ba sai a hankali, wani mako, wani wata. Kunnen hagu kuwa ya ɗan toshe, kamar na shiga ruwa, kuma har yau bai koma daidai ba. Motsin ya riƙa raguwa, yau sau uku, gobe sau ɗaya, har ranar da na kai magariba ban ji shi ba. Aka cire zare, aka ce mu zauna mako biyu kafin a ba ni izinin hawa jirgi.

Sai dai ni na san abin da likita bai gwada ba. Fuskar ta yi shiru ina kwance, ina shan shayi, babu abin da ke tayar mini da hankali. A da ma a irin wannan lokacin takan ɗan lafa. Sai gabana ya faɗi take nuna halinta, kuma babu inda gaban wanzami ke faɗuwa kamar a kan jariri. Girgis ya gane abin da ke damuna. Wata rana ya hura balan-balan, ya shafe ta da kumfa, ya miƙo mini aska. Na ji haushi, a kan duma na koyi aski tun ina yaro, yau kuma da furfurata a ba ni abin wasan yara. Amma na aske ta tas ba ta fashe ba, shagon ya ɗauki tafi. Na yi murmushi don kada in ba shi kunya. Balan-balan ba ta da uwa.

Saura kwana huɗu mu taso, da hantsi, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wani mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, da tsagar Damagaram a fuskarsa, ya yi sallama da Hausa. Ya ce sunansa Malam Sani, karatu yake yi a nan, a shagon ƙasa yake aski, mai shagon ne ya ce masa akwai wanzamin ƙasarsu a hawa na huɗu. Matarsa ta haihu, gobe kwana bakwai, 'yarsu ta fari. Ya ce da ya yi niyyar ya sa almakashi ya ɗan rage gashin kawai, amma matar tana ta kuka, wai a gidansu ba a taɓa yin suna babu wanzami ba.

Uwani ta dube ni. Na cire hulata, na juya masa bayan kunnena ya ga ɗinkin. Na faɗa masa komai, da ciwon, da yaron da na ƙwarzana, da cewa tun daga ranar ban taɓa kan kowa ba, kuma ban san abin da fuskata za ta yi ba in na ɗauki aska. Ya ce zai je ya yi shawara da mai ɗakinsa. Na ce ya kyauta, ni ma da haka zan yi. Da la'asar ya dawo ya ce ta ce in zo. Wai wanzamin da ya faɗi wannan da bakinsa ba zai yi ganganci da 'yarta ba.

Washegari da safe muka je. Ɗaki ɗaya ne da falo, an shimfiɗa tabarma, ɗalibai shida ko bakwai sun zauna, an yi addu'a, an raɗa wa yarinya suna Maryam. Har da fura aka dama, ban san inda suka samo gero ba. Na buɗe zabira. Uwani ta karɓi askar ta tafasa ta, ta goge da maganin asibiti, ban yi musu ba. Ta zauna ta rungumi jaririyar, ta tallafe kan. Na ce mata a hankali, "Ki dubi fuskata. In kin ga ta motsa, ko yaya, ki ce in tsaya." Ta ce to.

Na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Gashi ne baƙi, mai laushi, maɗigar tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Gabana ya faɗi, faɗuwar da na sani. Na tsaya ina jiran zaren nan ya ja. Na ƙirga numfashi uku. Sannan na yi bisimilla na ɗora aska daga goshi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na bi gefen dama, na bi hagu, na zagaye maɗiga kamar yadda mahaifina ya koya mini, na sauka ƙeya. Yarinyar ta yi ɗan ƙorafi sau ɗaya ta koma barcinta. Da na share gashin ƙarshe na shafa kan da tafin hannu, babu ja ko ɗigo. Daga bayan labule uwar ta rangaɗa guɗa, a hawa na shida, a tsakiyar Alƙahira, har maƙwabta suka leƙo.

Na dubi Uwani. "Ta motsa?"

Ta girgiza kai. Sai da ta miƙa jaririyar ga ubanta sannan ta ce, "Ko sau ɗaya, Baba. Ido biyu ka yi aikin nan."

Na sunkuyar da kai kamar ina tattara gashin da ya zuba, don kada ɗaliban nan su ga dattijo yana hawaye. Malam Sani ya durƙusa yana godiya, yana cewa bai san abin da zai saka mini da shi ba. Na ce masa ya riga ya saka. Sannan na ce a miƙo mini ruwa in wanke askata, in busar da ita da kyau kafin in mayar, don kada ta yi tsatsa a hanya. Akwai aiki a gida.